Shekarun Shiga Soja: Wa Ya Tsofar da Injiniyan Birchi?

 Yau dai zan ɗan saki layin da muka saba bi, na sharhin littattafai da muhawarar marubuta, in taɓo wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Amma kada ku yi zaton na yi nisa da adabi, domin kuwa duk mai karanta littattafanmu na soyayya ya san jarumin nan soja: kyaftin ne, dogo, kyakkyawa, ɗan shekara ashirin da bakwai, ya yi digiri a Ingila, ya dawo ya sa kaki, 'yan mata na rububinsa. Marubutanmu, musamman mata, suna ƙaunar wannan jarumi ƙwarai da gaske. Abin da ban taɓa gani a littafi ba shi ne labarin wanda ya so ya zama wannan kyaftin, ya yi karatun, yana da lafiyar, yana da zuciyar, amma kwamfuta ta mayar da shi gida saboda ranar haihuwarsa. To, shi nake son in yi magana a kansa, domin a ƙasarmu ta Birchi da Kurfi da Dutsin-Ma irinsa ba ɗaya ba ne, ba biyu ba.

Bari mu fara da yadda tsarin yake, saboda wanda bai sani ba. Hanyoyin zama hafsan soja a Nijeriya ga farar hula manya guda uku ne. Akwai ta makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, wato NDA, wadda aka kafa a 1964, inda ake ɗaukar yaro daga gama sakandare, ya yi digirinsa a can tare da horon soja. Wannan ta yara ce, wanda ya wuce shekara ashirin da 'yan kai ya riga ya makara. Akwai ta biyu da ake kira SSC, ta masu digiri ko babbar difloma waɗanda za su zama hafsoshin fagen fama, wadda sanarwar rundunar sojan ƙasa ta saba iyakance ta daga shekara 23 zuwa 27. Sai ta uku, DSSC, wadda aka keɓe wa masu sana'a: likita, lauya, malamin makaranta, akanta, limami da kuma injiniya. Ana ba su horo na 'yan watanni, a maƙala musu muƙamin laftana, su je su yi wa runduna aikin da suka karanta. Wannan ta ukun ita ce ƙofar injiniya.

Iyakar shekarun wannan ƙofa ba ta tsaya wuri guda ba. Sanarwar sojan ruwa ta 2020 ta ce daga 22 zuwa 28. Ta sojan sama ta 2021 ta ce daga 20 zuwa 30, sai ga shi a ta 2024 an ɗaga zuwa 32. A dukkan sanarwar nan biyu ta sojan sama, an yi wa ƙwararrun likitoci rangwame har zuwa shekara 40. Ku riƙe waɗannan alƙaluma, za mu dawo kansu.

Yanzu mu ɗauki alli mu yi lissafi irin na 'yan firamare. Mu ƙaddara yaro ne aka haifa a Birchi, ɗan manomi. Babu wanda zai kai shi makarantar boko yana shekara biyar, domin a wannan lokaci yana makarantar allo, da damina kuma yana gona ko yana kiwon 'yan awakin uwarsa. Galibi sai ya kai bakwai ko takwas ake rubuta sunansa a firamare. Ya gama yana da 14, ya gama sakandare yana da 20. Jarabawar fita ba ta yi kyau ba a karon farko, ba don shi daƙiƙi ba ne, sai don makarantarsu ta shekara biyu ba ta da malamin lissafi ko na fiziks. Ya sake zama, ya nemi JAMB sau biyu, ko ya bi ta shekarar share fage, sai ya shiga jami'a yana da 22 ko 23. Karatun injiniya a jami'o'inmu, ko a Ahmadu Bello ta Zariya ne ko a Bayero ta Kano, shekara biyar ne cur, ba huɗu ba. Wanda ya bi ta kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Hassan Usman Katsina, shi ma shekara biyar ɗin ce: biyu na ƙaramar difloma, ɗaya ta sanin makamar aiki, biyu na babbar difloma. Ke nan ko babu wata tangarɗa, yaronmu ya kai 27 ko 28.

Amma yaushe aka taɓa yin karatu a ƙasar nan babu tangarɗa? Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki na kusan wata shida a 2013. A 2020 ta yi na wata tara, daga Maris zuwa Disamba, ga kullen korona a kai. A 2022 ta sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Duk ɗalibin da ya shiga jami'ar tarayya a 2018 ko 2019 ya ci karo da biyun ƙarshen nan gaba ɗaya, wata goma sha bakwai yana zaune a gida yana ƙirga azara. Kuma kowa ya san idan aka koma, sai an ɗauki lokaci kafin zangon karatu ya daidaita. Yaronmu ya kai 29 ko 30. Ya jira sakamako, ya jira a tura sunansa bautar ƙasa, ya yi shekara guda yana sanye da kakin NYSC, domin ba a karɓar takardar neman DSSC sai da shaidar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa. Ranar da ya riƙe wannan takarda a hannunsa, yana da shekara 31. Ƙofar SSC ta rufe masa tun yana aji huɗu a jami'a. A ma'aunin sojan ruwa na 2020 shi tsoho ne tun bai rubuta jarabawar ƙarshe ba. A ma'aunin 32 kuwa saura masa dama guda tak, in an yi sa'a an buɗe a shekarar, kuma an nemi fannin da ya karanta.

Ku kwatanta shi da ɗan wani babban ma'aikaci a Abuja ko Legas, wanda ya shiga nazare yana da uku, ya gama sakandare yana da 16, ya tafi jami'ar kuɗi inda ba a san yajin aiki ba, ya gama yana da 21, ya gama bautar ƙasa yana da 22. Wannan yana da shekara goma a gabansa da zai yi ta gwadawa. In ya faɗi bana, ya dawo baɗi. Doka ɗaya ce a takarda, amma ɗaya an ba shi dama goma, ɗaya an ba shi ɗaya. Ni dai ban ga adalci a nan ba.

Ga kuma abin da ya ƙara mana mu mutanen tsakiyar Katsina. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya sa aka rufe makarantun kwana a jihar. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Ku tuna fa, JAMB da neman gurbin karatu da neman aikin sojan kansa duk ta intanet ake yinsu. Uban da aka hana shi zuwa gona, ko ya sayar da shanun hudarsa ya fanshi ɗan uwansa, ba zai iya biyan kuɗin rajista a wannan shekara ba, sai yaro ya ɗage karatu. Yaran da suke sakandare a lokacin su ne za su fito da digiri nan gaba kaɗan, kowannensu ɗauke da shekara ɗaya ko biyu da ba shi ya ɓatar da su ba. Wato rashin tsaron da ake buƙatar soja ya magance, shi ne yake tsofar da yaran da za su shiga sojan. Wannan shi ake kira ga mari ga tsinka jaka.

Na san abin da masu kare dokar za su ce, kuma ba zan raina hujjarsu ba, domin tana da ƙarfi. Za su ce aikin soja ba aikin ofis ba ne. Horon Jaji ba wasan yara ba ne, gwiwar ɗan shekara 35 ba irin ta ɗan 23 ba ce. Za su ce kowane muƙami a soja yana da shekarun da in hafsa ya kai bai samu ƙarin girma ba za a sallame shi, saboda haka wanda ya shiga a makare zai yi ritaya yana kyaftin ko manjo, gwamnati ba ta ci moriyar kuɗin da ta kashe a kansa ba. Za su kuma ce a bariki muƙami ne girma ba furfura ba, kuma yana da wuya magidanci mai 'ya'ya uku ya jure tsawar yaron da ya girme wa da shekara goma. Wasu ma za su kawo misalin Indiya, inda ake ɗaukar masu digirin injiniya aikin hafsa daga shekara 20 zuwa 27 kawai.

To, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Maganar hafsan fagen fama, wanda zai ja kurata su shiga dajin Rugu da ƙafa, na yarda ɗari bisa ɗari a bar ta yadda take. Wannan aikin ƙuruciya ne. Janar Hassan Usman Katsina da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa da Janar Muhammadu Buhari duk suna samari suka shiga, kuma haka ya kamata. Amma injiniyan DSSC ba don gudu aka ɗauke shi ba, an ɗauke shi ne don abin da ke cikin kansa. In kuma gudun ne, ai akwai gwajin lafiya da na ƙarfin jiki a wurin tantancewa. A sa shi ya yi gudun, in ya kasa a kore shi. Na rantse da Allah, saurayin da ya tashi yana huɗa da galma a gonakin Birchi, yana tafiyar ƙasa zuwa makaranta, a shekara 33 zai kere wa 'yan birni da yawa masu shekara 24. Me ya sa za a bar ranar haihuwa ta yanke hukuncin da filin gudu ya fi ta iya yankewa?

Maganar cin moriya kuwa, wa'adin DSSC a rundunar sojan ƙasa shekara 15 ne in ba a mayar da mutum hafsan dindindin ba. Wanda ya shiga yana da 35 zai gama yana da 50. Ina asarar take? Injiniya mai shekara arba'in da 'yan kai ai lokacin ne ya nuna, ya san ƙasa, ya san kankare, ya san inda inji ke ciwo tun daga jin ƙararsa. Kuma rundunar da kanta ta amince da wannan hujja, tunda ta bar wa ƙwararren likita ƙofa har shekara 40, saboda ta san ƙwarewa tana cin lokaci. To, ai ta injiniya ma haka take. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin kula da aikin injiniya, ba ta yi wa mutum rajistar cikakken injiniya sai ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki bayan digiri. Ke nan a idon dokar ƙasa, wanda ya fito jami'a jiya bai gama dahuwa ba. In ɗan Birchi ya tsaya ya dahu, soja ta ce ya tsufa. In ya zo ɗanye, ba shi da gogewar da za a yi alfahari da ita. Ana so ya yi yaya?

Batun tsawar yaro kuwa, wannan ba sabon abu ba ne a bariki. Saje manja mai furfura yana sara wa laftanan da bai kai sa'ar ɗansa ba, kuma duniya ba ta tashi ba. Indiya da ake kawowa misali, digirin injiniya a can shekara huɗu ne, kuma babu shekarar bautar ƙasa ta dole a tsakani. In za a ɗauko musu lambar 27, sai a ɗauko mana har da kalandar karatunsu. Ga Amurka can, da ta ga tana ƙarancin masu shiga, a 2023 rundunar sojan samanta ta ɗaga iyakar shekarun shiga daga 39 zuwa 42. Su da suke da jami'o'in da ba su rufewa ke nan. Mu ma da muka tashi daga 30 zuwa 32, bariki bai rushe ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa lambar ba saukakka ba ce, mutane ne suka zauna suka rubuta, kuma mutane za su iya sake zama.

Kada kuma a ɗauka soja ba ta buƙatar waɗannan yara. Yaƙin yau rabinsa na injiniyoyi ne. A Fabrairun 2018 aka ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna, wanda injiniyoyin sojan sama suka yi aikinsa. A 2019 aka nuna mota mai sulke ƙirar gida mai suna Ezugwu, wadda ma'aikatar ƙera makamai ta DICON da ke Kaduna ta haɗa tare da injiniyoyin sojan ƙasa. A Makurɗi akwai makaranta sukutum ta koyar da aikin injiniyan soja. Wa zai gyara gadar da aka fasa? Wa zai buɗe hanya a dajin da mota ba ta shiga da damina? Wa zai tono nakiyar da aka binne, ya haƙa rijiyar burtsatse a sansani, ya tada injin da ya mutu a tsakiyar daji? Injiniyan da ya san yaren mutanen wurin, ya san wane rafi ne ke cika a watan Agusta, ya san wace ƙasa ce jigawa wace ce laka, ai ya fi wanda zai zo da taswira kawai. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 217, ya ce dole hafsoshi da sauran dakaru su kasance sun wakilci sassan ƙasa. In gurbin Katsina yana nan amma 'ya'yan manyan birni ne kaɗai shekarunsu ke ba su damar cike shi, to an cika harafin doka an bar manufarta.

Akwai kuma wata ɓarna da wannan katanga ke haifarwa wadda ba mu son faɗa a fili, wato rage shekaru. Kowa ya san “shekarun takarda” da “shekarun uwa”. Wani ɗan ƙanwata da ya karanta injiniyan lantarki, da ya je shagon intanet zai cike fom, kwamfuta ta ƙi karɓarsa saboda ya haura da wata biyar. Mai shagon ya dube shi ya ce, “Malam, ai wannan ba matsala ba ce, ka je ka yi takardar rantsuwa, kowa haka yake yi.” Yaron ya dawo ya faɗa wa mahaifiyarsa, ta ce, “Ni na haife ka, na san daminar da na haife ka. Kada ka ɗauki Alƙur'ani a kan ƙarya saboda kaki.” Ya haƙura. Yanzu yana haɗa wa mutane sola a kasuwanni, yana samun na tuwo, alhamdu lillahi. Amma ku duba abin da dokar ta tace: ta zubar da wanda ya ƙi yin rantsuwar ƙarya, ta bar ƙofa ga wanda ya yi. Wannan wane irin rariya ne, mai riƙe tsakuwa ta zubar da gari? Hafsan da ya fara aikinsa da ƙarya a shafin farko na fayil ɗinsa, da wane baki zai hukunta kurtun da ya sayar da man mota? Yanzu da lambar NIN ta ɗaure ranar haihuwa, tun da JAMB ta wajabta ta a 2021, gyaran ya ƙara wuya, sai ya zama mai kuɗi da hanya ne kaɗai ke iya yi. Talaka ya sake faɗuwa.

Ba ni kaɗai ke wannan kuka ba. A watan Yulin 2023 Sanata Abba Moro na Binuwai ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Dattawa kan yadda ake gindaya sharaɗin shekaru wajen ɗaukar aiki, majalisar kuma ta yi kira da a daina. Sai dai kira daban, doka daban. Ni ba na cikin masu cewa a soke iyakar gaba ɗaya a aikin soja. Ga dai abin da nake gani.

Na farko, a mayar da iyakar injiniyoyi a DSSC shekara 35 a dukkan rundunoni uku, wanda kuma yake da rajistar COREN a ƙara masa, kamar yadda aka yi wa ƙwararrun likitoci. Na biyu, in ana ganin wannan ya yi yawa, to a riƙa cire wa mai nema watannin da jami'arsa ta yi a rufe, tunda ranakun yajin aiki a rubuce suke, ba ɓoyayyu ba ne, kuma rigimar gwamnati ce da ma'aikatanta, ba ta ɗalibi ba. Na uku, a tsayar da lamba guda a sanar da ita, kada ta riƙa sauyawa daga sanarwa zuwa sanarwa, domin yaro tun yana aji uku a jami'a ya san inda ya dosa. Na huɗu, a tsaurara gwajin lafiya da na ƙarfi yadda ake so, babu mai jin haushi. Wannan aiki ne na 'yan majalisarmu na tarayya, musamman masu wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi da maƙwabtansu, su kai maganar gaban kwamitocin tsaro. Ba kwangila ba ce, ba ta buƙatar kasafin kuɗi, layi ɗaya ne a cikin sanarwa.

Mu ma kuma akwai namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara biyu ko uku na farkon lissafin nan a hannunmu suke. Makarantar allo ba ta hana boko ba, yaro zai iya yin ta asuba da ta yamma ya je firamare da hantsi yana da shekara shida. Mu riƙa karɓar takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya tun ranar suna, kada sai yaro ya girma a zo ana cewa “an haife shi shekarar da aka yi fari”. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari su riƙa tara 'yan sakandare suna yi musu bayanin NDA tun da wuri, domin da yawa daga yaranmu ba su jin labarinta sai shekarunsu sun wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma marubuta, ga jigo nan kyauta. Kun gaji da rubuta mana kyaftin ɗan gata, ku rubuta mana injiniyan da wata biyar ta raba shi da kaki, da budurwar da ta jira shi har yajin aiki biyu. Mai ra'ayi saɓanin nawa, musamman 'yan uwa da suka taɓa zama a bariki, ina maraba da martaninsa, domin muhawara ita ce gishirin wannan fili.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya kare dakarunmu da ke daji, Ya ba yaranmu abin yi na halal. Wassalam.